Ka Maido Wa Inna Hadiza Da Mama Odil Waƙarsu

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, ɗan takarar kujerar majalisa a mazaɓarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu yi maka hidima. Sannu da gajiyar kamfe. Muna ganin motocinka suna hawa suna sauka a titin Koudoukou cikin zafin ranar nan, mun kuwa san aikin ba ƙarami ba ne.

Sunana Garba, amma duk unguwar Kilomita Biyar, wato Sankilo, Garba Mai Kalangu ake ce mini. A Kokoro da ke cikin Sankilon nan aka haife ni, a nan furfura ta same ni. Mahaifina makaɗin mahauta ne, ya biyo fataken shanu daga Damagaram tun yana saurayi, ya iso Bangui bai sake komawa ba. Ko ba ka riƙe sunana ba ka san hannuna, domin ni na yi kiɗa ranar da aka kai ƙanwarka ɗakin miji. Na rubuto maka da Hausa ne saboda da ita iyayenmu suka yi mana faɗa muna yara, ni da kai. Za a karanta takardar da Sango ga waɗanda Hausa ta yi wa nauyi, cikinsu har da 'ya'yana.

Na so a ce ni da kai muka zauna a ɗaki muka kashe wannan magana. Na je ofishinka na kamfe, na koma, na sake komawa, kullum sai a ce ka fita. Ba na kuka da yaran ofis, sun ba ni kujera, sun ba ni ruwan sanyi. Amma maganar ta riga ta fito titi a kan mota da lasifika, shi ya sa ni ma na fito da tawa fili.

1. Yadda waƙar ta samu

Mu uku ne muke kiɗa tare. Akwai Selestin mai jita, Kirista ne ɗan unguwar Miskine, da rana moto-taksi yake ja, wato babur na haya. Tare muka taso, lokacin da katanga ɗaya ce ta raba gidan gwaggota da na mahaifiyarsa. Da rikicin nan na Musulmi da Kirista ya zo, hanya ta rufe tsakaninmu shekaru. Ban san ko yana raye ba, shi ma bai san halin da nake ciki ba. Bayan abubuwa sun lafa, wata rana ina zaune a rumfar mahauta sai na hango wani daga baya yana tambayar inda ake sayar da tsarkiyar jita. Tafiyarsa na gane, don tun muna yara yake karkata kafaɗar hagu. Na ƙwala masa kira. Ya juyo, muka rungume juna a tsakiyar titi, masu mota suna ta yi mana oda ba mu ko ji ba.

Na ukunmu Abakar ne, Musulmi haifaffen nan, mahaifiyarsa 'yar bakin kogi ce. Sango a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, mukan yi masa dariya. Sana'arsa zanen allunan shaguna, yawancin kawunan da ke jikin shagunan aski a Koudoukou shi ya zana su. Shi ne muryarmu.

Da daminar da ta wuce aka gayyace mu wani biki a Kokoro. Muna cikin kiɗa bayan la'asar sai ruwa ya kece, wuta ta ɗauke, jama'a suka cunkushe a ƙarƙashin rumfar tamfol, ga yunwa. Mata biyu aka ɗauka girkin bikin. Ɗaya Inna Hadiza ce mai masa, wadda ke zaune a bakin kasuwa tun kafin a haifi yawancin masu kamfe ɗinka. Ɗayar Mama Odil ce daga Miskine, mai kanda. Don masu karatu daga nesa, kanda nama ne da ake kirɓawa da agushi, a ƙulle a ganye a turara. Wurin mahautanmu take sayen namanta, kowa ya sani, shi ya sa muke ci hankali kwance.

Waɗannan mata biyu ba su jira ruwa ya tsaya ba. Sai ga su suna ratso tsakar gida a guje, farantai a ka, an rufe da leda, taɓo har ƙauri, suna dariya suna tsokanar juna wa za ta riga isowa. Abakar ya dube su, ya dube ni, ya ɗaga murya babu makirfo:

Inna Hadiza, juya tanda, Sankilo ta kwana da yunwa.
Mama Odil, kwance ganye, ƙamshi ya kai Miskine.

Na sa kalangu ya kira sunayen, Selestin ya bi da jita irin salon nan namu na Bangui mai sa ƙugu motsi. Amshin da Sango ya zo, “Ita, ga e te kobe,” wato ɗan'uwa zo mu ci abinci. Kafin a gama raba farantai duk rumfar ta ɗauka. Nan take Abakar ya ƙara baiti a kan koko biyu da Allah ya ba garin nan, na gero da muke sha da safe da na ganye da ake miya da shi, ya ce wanda bai ɗanɗana duka biyun ba bai san Bangui ba tukuna. Tsofaffi suka yi ta dariya har da hawaye. Inna Hadiza ta rufe fuska da gefen gyale don kunya, Mama Odil kuwa ta ajiye faranti ta shiga fili.

Daga baya muka naɗi waƙar a wani ɗan sutudiyo da ke bayan shagon gyaran waya. Ba mu yi talla ba. Daga waya zuwa waya ta bi gari, masu moto-taksi suka ɗauka, direbobin taksi suka ɗauka. Abin da ya fi faranta mini rai, ranka ya daɗe, shi ne mutanen da suka yi shekaru ba su taka Sankilo ba suka fara zuwa, suna tsayawa a bakin titi suna tambaya wace ce Inna Hadiza. Na ga ma'aikata da kwat sun tsuguna a benci suna cin masa da hannu. Ganin haka Mama Odil ta ɗauko teburinta ta kafa kusa da tandar Inna. Abakar ya nemi izinin mai shagon da ke bayansu, ya zana su a bango: su biyun suna murmushi, ga tanda, ga ƙullin ganye, ga kogin Ubangi da kwale-kwale a bayansu. Da fentinsa ya yi, don jin daɗinsa. Amare kan tsaya a wurin su ɗauki hoto.

2. Zuwan mutanenka

Da aka buɗe kamfe, mutanenka biyu suka same mu a rumfar Abakar. Sun zo da ladabi, ban ƙi faɗa ba. Suka ce Alhaji yana son waƙar, a sa sunansa a ciki. Muka dafa musu shayi, na ce musu su gaishe ka, amma ba za mu iya ba. Na ce mu makaɗan biki ne. Yau muna gidan mai goyon bayanka, gobe muna gidan mai goyon bayan abokin takararka, jibi muna gidan wanda ko katin zaɓe ba shi da shi. Ƙofofin nan da suka buɗe mana a Miskine da sauran unguwanni da ƙyar suka buɗe, kuma sun buɗe ne don ba a san mu da kowa ba. Na ƙara da cewa sunayen da ke cikin waƙar ba namu ba ne balle mu bayar. Suka yi dariya, suka ce sun fahimta, muka yi musabaha suka tafi.

3. Abin da aka yi duk da haka

Wata Litinin da hantsi ina ƙofar gida ina ɗaure kalangu, sai na ji kiɗa daga titi. Hannuna ne. Ba kwaikwayo ba ne, naɗinmu ne na sutudiyo, ga jitar Selestin a ciki. Na miƙe da murna, na ɗauka wani mai biki ne ya sa. Da motar ta matso, ashe ta kamfe ɗinka ce, sai na ji an cire muryar Abakar an sa ta wani. Inda ake kiran Inna Hadiza, sunanka ne. Inda ake kiran Mama Odil, sunan jam'iyyarka ne. Zo mu ci abinci ya koma zo mu yi zaɓe. Amma kalanguna a ƙasa yana nan yana ta kiran Hadiza da Odil, don shi ba a iya canza masa baki ba.

A wannan makon ne kuma aka manna hotunanka na kamfe a bangon da Abakar ya zana. Ga bango fili a dama, ga fili a hagu, amma a kan fuskokin matan nan aka shafa gam. Abin da ya rage yanzu hannun Mama Odil ne da hancin kwale-kwale.

Ban ce kai ka ba da umarni ba, ranka ya daɗe. Mai yiwuwa ba ka ma sani ba. Amma sunanka ne a bakin lasifikar, fuskarka ce a bangon, don haka wurinka zan kawo kuka.

4. Abin da hakan ya jawo mana

An riga an yi mana alkawarin wani biki a Miskine. Mahaifin ango tsohon malamin makaranta ne, kuma abokin takararka yake bi. Ya aiko aka ce mana ya fasa, ba zai kawo makaɗan jam'iyya gidansa ba. Maƙwabtan Selestin suka fara ce masa ya sayar da kansa a Sankilo. Wasu da suka saba hawa babur ɗinsa suka riƙa wuce shi su hau na wani. Ya zo gidana ya zauna. Ya ce mini, “Garba, ni ba bikin ke damuna ba. Matata ta ce in rage zuwa nan.” Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da ake nufi idan aka fara cewa wane mutumin wane ne, ka san inda irin wannan magana ta taɓa kai mu.

Inna Hadiza kuwa tana nan a bakin tandarta. Tana juya masarta, ta ba bangon baya. In motarka ta wuce sai ta sunkuyar da kai. Wanda ya san ta ya san wannan ba halinta ba ne.

5. Ranar Laraba a bakin kasuwa

Wannan ɓangaren ina so ka ji shi daga bakina, don na san an kai maka shi a karkace.

Larabar da ta biyo baya, cunkoso ya tsayar da motarka daidai gaban teburin matan nan, lasifika na ta amo. Inna Hadiza ta miƙe da cokalin juya masa a hannu, ta gyara ɗaurin zane, ta je ta tsaya a gaban motar. Ba ta zagi kowa ba. Jira ta yi har aka zo inda ake kiran sunanka, sai ta ɗaga murya ta rera nata sunan. Mama Odil ta ɗauki murfin tukunya ta fara bugawa. Masu tumatir suka amsa, masu atamfa suka fito daga shaguna, 'yan canji suka cusa kuɗinsu a aljihu suka fara tafi. Mahauta suka riƙa buga wuƙaƙe a kan tebur daidai da kiɗan. Kafin a je ko'ina muryar kasuwa ta danne lasifikar.

Aka aiko mini, na rataya kalangu na taho da sauri irin wanda na manta rabon da in yi. Na tarar Selestin ya ajiye babur a gefe yana jagorantar tafi, Abakar ya fito da fenti a hannu. Direbanka ya kashe na'urar, ya sauko, ya tsuguna gaban Inna ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, aiko ni aka yi. Wallahi a gida ainihin waƙar nake sa wa matata.” Ta dube shi ta ce, “Ka karya kumallo kuwa?” Ya ce a'a. Ta zaunar da shi a benci ta zuba masa masa da miya, Mama Odil ta kwance masa ƙulli ɗaya ta ɗora a kai.

Yana cikin ci ya miƙa wa Abakar makirfon motar. To, ranka ya daɗe, da lasifikarka aka rera waƙar yadda take, tun daga farko har ƙarshe, aka maimaita. Fasinjoji suka sauko daga taksi suka shiga rawa. Wani ɗan kasuwa da ban taɓa ganin haƙorinsa ba ya fito ƙofar shago yana kaɗa kai. Wasu mata da suka zo cefane daga wata unguwa suka ajiye kwandunansu suka kama hannun Inna. Na yi kiɗa a gidajen manya da na talakawa tun ina saurayi, ban taɓa jin daɗin hannuna kamar na wannan hantsi ba. Ba a fasa ko gilashi ba, ba a yaga hotonka ko ɗaya ba. Da aka gama, jama'a da kansu suka buɗe wa motar hanya, har da masu yi wa direban addu'a.

Wani ya ɗauki abin a waya, ya kai ga mahaifin angon nan na Miskine. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana da kansa, da sandarsa. Ya ce tun rikici bai shigo unguwar nan ba sai yau. Ya cire hula ya ce, “Ita, na yi muku mummunan zato, ku yafe mini.” Na kai shi wurin Inna, ya ci masarta, ya sa aka ƙulle masa wata ya kai gida.

Ya maido mana da gayyatar, ranar Asabar muka yi bikin ɗansa. Matar Selestin ce ma ta fara shiga fili. Akwai wasu tsofaffi biyu, ɗaya ta ɗaura atamfar kamfe mai hotonka, ɗayar ta ɗaura mai hoton abokin takararka. Da aka zo amshi suka riƙe juna suna juyi, fuskokinku biyu suna ta karo a ƙugunsu. Abakar ya kasa ci gaba da waƙa don dariya, sai da na rufe masa da kalangu.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma motar ta daina bi ta gaban kasuwa ne kawai. Ana gaya mini tana nan tana yawo da waƙar a unguwannin da ba su ga abin da ya faru ba, kuma can har yanzu ana ce mana makaɗanka. Hotunan kuma suna nan a bango.

6. Abin da nake roƙo

Ba kuɗi nake nema ba, abokaina ma haka suka ce in faɗa. Ga roƙona:

Na farko, a daina sa wannan naɗi a motocinka da tarurrukanka. Garin nan cike yake da mawaƙa matasa masu murya da ke neman aiki, kuma cikinsu akwai masu son ka da gaske. Ka kira su su yi maka taka.

Na biyu, a cire hotunan daga kan zanen, a hankali, da ruwa, kada a kankare. Abakar ya ce shi zai gyara abin da gam ya ɓata. Mai shagon ya ce bangon gefe yana nan, a manna maka nawa kake so.

Na uku, ka faɗa da bakinka, da Sango, a rediyo ko a taronka na gaba, cewa ba mu sayar maka da waƙar nan ba. Jimla ɗaya ta isa. Selestin ne ya fi buƙatarta, don shi ke kwana a Miskine.

Na huɗu, kada a taɓa direban nan. Na ji ana raɗe-raɗin za a sallame shi. Bawan Allah ne mai iyali, kuma da ba don ya sauko ya tsuguna ba, ban san yadda ranar za ta ƙare ba. Ya kare maka mutunci fiye da yadda aka gaya maka.

Na ƙarshe ba nawa ba ne, saƙon matan ne. Inna Hadiza ta ce in gaishe ka, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba, kuma har yanzu ba ta yanke wanda za ta zaɓa ba. Ta ce in kana son sanin abin da zai sa ta yanke, ka zo ka dubi kwalbatin da ke gaban tandarta ranar da aka yi ruwa. Mama Odil kuma ta ce in shaida maka za ta aurar da 'yarta bayan zaɓe, ko ka ci ko ba ka ci ba tana gayyatarka. Ta gayyaci abokin takararka ma. Ta ce ku zo ba motar lasifika, ba rigar jam'iyya, kuma benci ɗaya za ta ba ku, don kujerun ba su da yawa.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya tsare ka a hanyoyin da kake bi, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya. In mulkin nan alheri ne gare ka da mu, Allah ya ba ka shi, ya kuma ba ka ikon sauke nauyinsa. In ba alheri ba ne, ya musanya maka da abin da ya fi. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, ya zaunar da Sankilo da Kokoro da Miskine da Bangui baki ɗaya cikin siriri, wato zaman lafiya da Sango, kowa ya fita neman abincinsa ya dawo ya tarar da iyalinsa. Amin.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Garba Mai Kalangu,
Kokoro, Bangui,
da yawun Selestin mai jita da Abakar mai zane.